Sandar Awon Kakana

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kakana, mahaifin Abbanmu, ya rasu wata Talata da hantsi a gidanmu da ke Jikwoyi, ana tsakiyar damina. Ban san shekarunsa ba, shi ma bai sani ba. In an tambaye shi sai ya ce ya dai ga Turawa da idonsa, kuma ba su wani burge shi ba.

Kwana uku gidan nan bai huta ba. Abokan kasuwar Abba daga Karu suka cika rumfa, suka faɗi abin da akan faɗa. Goggonmu ta iso daga Kano da kuka tun daga bakin titi, tana share hawaye kuma ta tambayi wa ya ɗauke rediyonsa. Mutanen ofishinmu suka zo a motoci, suka ajiye su a ƙasa don layinmu ba ya ɗaukar mota. Ogana ya ce, “Sorry fa, Injiniya. Allah ya ji ƙan Baba. Ai ya sha miya, sai dai addu'a.” Maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda aka sayi filin gidanmu a hannun danginta, ta zauna kusa da Ummanmu tana kaɗa kai. “Baba mutumin kirki ne,” in ji ta. “Hanyan nan shi ne ya yi. Da can in ruwa ya zo, ba wanda yana shiga, ba wanda yana fita.”

'Yan ga-ruwa ma sun zo. Ranar farko ba su yi aiki ba, sai suka jera kurayensu a jikin katangarmu, wato kekunan turin da suke ɗora wa jarkoki. A cikinsu akwai wani Bazazzagi, magidanci mai furfura a gemu, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Shi kullum sai ya dawo. Yakan zauna a ƙarshen tabarma da wata tsohuwar sanda a kan cinyarsa. Na san sandar, ta Kaka ce. Na san ɗingishin, ni na jawo shi. Don haka duk lokacin da aka ce mai ga-ruwa yana son ganina, sai in ce a ce masa ina tare da baƙi.

Bari in faɗi abin da ke cina, don kada a ɗauka rashin kawai nake wa kuka. Tun ina zanen goyo Kaka yake kirana Amarya, kamar yadda kakanni ke wasa da jikokinsu mata. Ni kuma in kira shi Ango marar haƙori. Na girma, na yi karatu, na zama injiniyar hanyoyi a wata ma'aikatar tarayya, sunan bai sauya ba. Amma a watanninsa na ƙarshe ya daina. Ya koma kirana Injiniya, da ladabi, kamar yadda masinjan ofis yake kirana. Baƙi sukan ce, “Ji yadda tsohon nan yake girmama jikarsa.” Ni kaɗai na san hukunci ne. Ya rasu ban sake jin ya ce Amarya ba, kuma abin da nake son sani a zaman makokin nan ɗaya ne: ya yafe mini, ko da fushina ya tafi?

Ba da son ransa ya zo Abuja ba. Bayan rasuwar kakarmu Abba ya je Kano ya ɗauko shi, kusan da ƙarfi. Bai taɓa yabon garin ba. Yakan dubi duwatsun da suka kewaye mu ya ce, “Gari duk dutse, amma mutanensa a taɓo suke iyo.” Bai yi ƙarya ba. Layinmu hawa ne, daga bakin titi inda rijiyar burtsatse take zuwa gidajen da ke sama. In aka yi ruwa sai ya zama kunu. 'Yan ga-ruwa su tsaya a ƙasa su ce kura ba ta hawa, mata su yi ta jidar ruwa da bokiti ana cikin damina.

Damina ɗaya ya yi yana kallo daga kujerarsa, yana goga goro a magogi don babu abin tauna shi. Da rani ya shigo sai ya sa aka kawo masa sandarsa daga Kano.

Sandar ba ta dogarawa ba ce. Ta fi ƙarfin haka, ta yi baƙi da maiƙon hannu, kuma an yi mata tsaga biyu da wuƙa. Ta mahaifinsa ce, labarinta kuwa na ji shi har ya gundure ni. A faɗar Kaka, zamanin Turawa, kafin manyan motoci su yawaita a Kano, da amalanke ake kai buhunan gyaɗa da fatu tashar jirgin ƙasa. Da rani yashi ya riƙe taya, da damina taɓo ya haɗiye ta. Sai wani Baturen ayyuka ya ce tun da ba a samu ƙarfen dogo ba, a gwada na dutse. Aka shimfiɗa faffaɗan duwatsu layi biyu, taya ɗaya a kan wannan layi, ɗaya a kan wancan. Mahaifin Kaka yana cikin leburorin.

“Sai Bature ya yi wauta,” in ji Kaka, kuma nan ne wurin da ya fi jin daɗi. “Amalanke ɗaya ya auna. Bai san a Kano kowane kafinta da nasa faɗin ba. Ranar buɗewa rabin amalanken gari ƙafa ɗaya a dutse, ƙafa ɗaya a ƙasa, suna tafiya a karkace kamar ɗan dambe da ya sha duka.” Mahaifinsa ne ya sari wannan sanda, ya yi mata tsaga daidai tazarar layukan, ya bi kafintoci da maƙera ɗaya bayan ɗaya yana cewa kowa ya daidaita da ita. Daga baya Baturen ya so a cike tsakiyar ma da dutse mai santsi don ta yi kyan gani, leburori suka ce a'a. A nan Kaka kan ɗaga yatsa ya ce, “Taya santsi take so, ƙafa kaushi take so. Gefe na taya ne, tsakiya ta mai turi ce.”

Hanyar ba ta ko kai tashar ba aka watsar da ita. Motoci suka zo, kwalta ta binne komai. Kaka ya ce da ƙuruciyarsa ya tura kaya a kan ragowarta. Ni dai na duba tsofaffin takardu a wurin aikinmu ban ga ko layi ɗaya a kanta ba. Da na gaya masa sai ya ce, “Wa zai rubuta aikin da bai ci nasara ba? Ke kina rubuta naki?”

Da wannan sanda ya sauka bakin rijiya ya auna tayoyin kurayen 'yan ga-ruwa. Ya tarar sun fi amalanken da ƙanƙanta, sai ya yi tsaga ta uku. Ya bi wuraren da ake gini yana roƙon ragowar dutse. 'Yan ga-ruwa suka riƙa ɗauko masa in sun juye ruwa za su dawo wayam. Shi yana zaune a kan bulo yana nuni da sanda, su suna haƙa suna dasawa. Kowane dutse sai ya ɗan kwantar da shi zuwa ciki don kada taya ta zame waje. Tsakiya kuwa ya sa aka daɓe ƙasa da tsakuwa, aka kakkafa ƙananan duwatsu a tsaye, a gicciye, yadda yatsun mai turi za su sami abin tokarewa. Rani guda suka kwashe suna yi.

Bazazzagin nan shi ne na hannun damansa, kuma ba a raba su da tsiya irin ta Kanawa da Zagezagi. “Kai bawana,” Kaka zai ce, “dutsen nan ya karkace kamar hular mutanen garinku.” Shi kuma ya ce, “Baba, Bakano da bai iya komai ba sai ciniki, yau shi ke koya mini aiki.” Da damina ta dawo, kura cike da jarkoki ta hau layinmu har ƙofar gidan ƙarshe, mutum ɗaya yana tura ta. 'Yan ga-ruwa suka ce za su riƙa zuba wa gidanmu ruwa kyauta. Kaka ya ƙi. Ya ce in suna son saka masa, su riƙa kai wa tsohuwar da ke gidan ƙarshe, wadda 'ya'yanta suka bari ita kaɗai. Har yau suna kai mata.

Daga nan ya sami aikin yi. Kullum bayan sallar asuba yakan bi layin daga sama zuwa ƙasa yana ƙwanƙwasa kowane dutse da sandar. In ya ji ƙarar ta yi kamar ta fanko, ya san ruwa ya ci ƙarƙashi, sai ya sa a ɗaga a cike. In na fito zan tafi aiki da takalmina mai tsini, yakan ce, “Amarya, bi gefe, ke ai taya ce.” Ni kuma in ce, “Ango, hanyarka ta yi kama da bakinka, nan haƙori nan wawulo.” Ya yi ta dariya har ya ƙware.

Abin da ya ɓata mu ƙarami ne, shi ya sa nake jin kunyar faɗinsa. Wani abokin aikina ya rage mini hanya wata rana. Ya leƙa layin ya ce, “Haba madam, injiniya guda? Wannan ai ƙauye ne. Ko ɗan siminti ba za ki sa musu ba?” Da wasa ya faɗa, amma maganar ta kwana a raina. Na fara ganin tsakiyar nan mai tsakuwa kamar tabo a fuskata. Ban yi shawara da Kaka ba, don na san amsarsa. Na jira sai da ya tafi Kano sunan wani tattaɓa-kunnensa, na kawo magina ranar Asabar. Duwatsun gefe ban taɓa su ba. Tsakiyar na sa aka malale da siminti daga sama har ƙasa, aka goge shi sumul. Har hoto na ɗauka na nuna a ofis.

Bazazzagin ya tsaya yana kallon maginan. Ya ce, “Hajiya, Baba ya sani?” Na ce masa ya bar wa masu ilmin abu abinsu. Ya ce, “To, Allah ya sa alheri,” ya tura kurarsa ya wuce.

Da Kaka ya dawo ya tsaya a bakin layin ya daɗe yana kallo. Ya goga tafin ƙafarsa a kan simintin. Ya ce, “Amarya, fasa wannan kafin ruwa ya sauka.” Na ce masa zamani ya wuce na Baturensa, kuma ni aka tura makaranta. Na faɗa da sigar wasan da muka saba, amma bai yi dariya ba. Sau uku yana maimaita mini a cikin makon nan, ni kuwa na yi kunnen uwar shegu.

Ruwa ya sauka. Mako biyu ba abin da ya faru, har na fara yi masa kallon ka-gani-ko. Ashe ruwan da ke zuba daga jarkoki da na sama sun haɗu sun sa gansakuka ta kama simintin. Wata safiya Bazazzagin ya kai tsakiyar hawan da cikakkiyar kura. Ya tokare zai ƙara turawa, ƙafa ba ta sami abin kamawa ba. Ya faɗi, kurar ta dawo da baya ta bi ta kan ƙaurinsa. Ina ɗaki ina ɗaura ɗankwali na ji ƙarar jarkoki da salatin mata. Garin neman gira aka rasa ido.

Ni na kai shi asibiti. Karaya biyu ce, kuma da ta warke ba ta koma daidai ba. Mutumin da ke ciyar da iyalinsa da ƙafafunsa ya yi watanni a kwance. Da na dawo gida ranar, Kaka yana kan kujerarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Sannu da zuwa, Injiniya.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ina ma in ce washegari na gyara. Ban gyara ba. Girman kai rawanin tsiya, kuma nawa ya zauna mini daram. Na ce silifas ɗin mutumin ne ya cinye. Na ce kowa ma yana iya faɗuwa. Na sa aka zuba yashi a kan simintin, ruwa ya wanke shi a kwana biyu. Sauran 'yan ga-ruwa suka koma hawa bibbiyu, ɗaya yana turi ɗaya yana ja, wasu kuma suka daina shigowa. Mata suka koma ɗaukar bokiti. Ba wanda ya ce mini komai, kowa dai ya san aikin waye.

Abba ya shiga tsakani, Umma ta shiga. Goggo ta bugo waya daga Kano ta ce wa Kaka ai yarinya ce. Ya ce, “Yarinyar da ke gina wa gwamnati hanya?” Na kai masa goron da ya fi so, ya karɓa ya ce, “Na gode, Injiniya.” Daga ƙarshe na same shi shi kaɗai na ce ya yafe mini. Ya dube ni ya ce, “Ni kika karya wa ƙafa?”

Sai na je ɗakin da Bazazzagin yake haya a bayan kasuwa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma. Na ce na yi kuskure, kuma ya gaya mini tun farko ban ji ba. Ya ce, “Hajiya, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Ni na yafe. Amma hanyar tana nan yadda take, kuma 'yan'uwana suna bin ta.”

Asabar ɗin da ta biyo na kira leburori da diga. Muna farawa na ga duk layin an fito ana kallo. Na ce tun da abin kunya ne, bari in sha shi gaba ɗaya. Na ɗaure zane, na karɓi guduma, na shiga cikinsu. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Da simintin ya tashi, sai ga ƙananan duwatsun Kaka a ƙasa, a tsaye yadda ya kafa su. Shi kuwa an fito masa da kujera yana kallo, Bazazzagin na zaune gefensa da sandar guragu. Da muka gama na zo gabansa, gumi har ido, na miƙa masa hannuwana ya gani. Na tsaya ina jira. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, “Sannu da aiki, Injiniya.”

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ina 'yar makaranta. Na ji haushinsa ƙwarai, na ce a raina wannan tsoho zuciyarsa ma dutse ce.

Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da shi. Magana ta ragu, daga “ruwa” sai “alhamdu lillahi”. Ni nake ba shi kunu kafin in fita. Yakan bi ni da ido, wani lokaci kamar zai yi murmushi, amma bai kira ni da kowane suna ba. Ranar da ya cika ina Bwari wajen duba wani aiki. Kafin in iso an rufe masa fuska.

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kafin a fita da shi. Motar gawa tana ƙasa a bakin titi. Ina tsaye daga cikin ƙofa na ga maza sun saɓa makara sun gangara, ƙafafunsu a kan tsakuwar tsakiya, a jiƙe sharkaf. Ba wanda ya zame.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a, Umma ta ce, “Bawan Allahn nan kwana uku yana jiran ki. Ki fita, ba kyau.” Na yafa mayafi na fita. Ya miƙe da ƙyar. Muka gaisa, ya yi mini gaisuwar rashi, ni ma na yi masa, don shi ma ya yi rashi. Sai ya miƙo mini sandar da hannu biyu.

“Amana ce,” in ji shi. “Ranar da kika fasa siminti, da kika shige gida, Baba ya ba ni ita. Ya ce, ‘Bawana, riƙe wannan. In na tafi ka ba Amarya, ita ce za ta iya.’”

Na ce, “Me ya ce? Wa za ka ba?”

“Amarya ya ce. Na ce masa, Baba, ga ta nan a gida, ka ba ta da hannunka mana, yarinyar nan ta wahala. Ya ce, ‘A'a. In na ba ta yanzu kanta zai kumbura, ta je ta malale wa wasu hanya.’”

Dariya ta kuɓuce mini a gaban masu zaman makoki, hawaye kuma yana zuba. Goggo ta leƙo tana hararata. Bazazzagin ma ya juya yana goge ido da hularsa.

Allah ya ji ƙan Kaka, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi. Allah ya ba bawansa Bazazzagi lafiyar ƙafa, ni kuma ya yafe mini.

Washegari bayan asuba na ɗauki sandar na bi layin daga sama ina ƙwanƙwasawa. Ban iya jin ƙarar sosai ba tukuna, sai da Bazazzagin ya tsaya da kurarsa ya ce in sake buga na kusa da gidan maƙwabciyarmu. Na buga, na ji fanko. Duwatsu biyu ne ruwa ya ci ƙarƙashinsu. Ya ce, “Yaushe za a ɗaga, Amaryar Baba?”

Na ce Asabar.